Amsar da Muka Ba Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu numfashi ba tare da mun roƙa ba. Wata biyu ke nan da na fita takaba, har yanzu mata na shigowa suna tambayata, "Wai me ya same shi ne? Ba tari ba ne kawai?" Na gaji da ba da amsa rabi-rabi, shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya kasance, har da wuraren da ni kaina ban fita da kyau ba.

A unguwarmu Sharafiyya Ummu Maryam ake ce mini, mai turaren wuta. A nan Jidda aka haife ni, iyayena daga Sudan suka zo, kuma sana'ar a hannun mahaifiyata na koya. Mijina, Abu Maryam, motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Mutum ne mai sanyin hali, in ka zage shi sai ya tambaye ka ko ka ci abinci. Ni kuwa bakina ba ya zama wuri ɗaya, kowa ya sani.

Tun yana saurayi yake shan taba, da saninta na aure shi. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin kara a hannunsa a gaban danginsa ba, balle a gaban Yaya Bashir. Yaya Bashir wansa ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya nema masa aiki, shi ya yi masa aure. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur, dattijo mai tsare gida. Abu Maryam yana da furfura a gemu, amma in Yaya ya shigo sai ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa.

Wata shekara wani abokin aikinsa ya nuna masa sigarin lantarki, wannan da ake ɗura masa ruwa a 'yar kwalba, yana fitar da tururi. Na yi masa dariya har na gaji. Na ce, "Kai yanzu da girmanka, kana ƙamshin alawar mangwaro?" Ya ce in bar shi ya gwada. To, ya gwada, kuma wallahi ya bar taba ɗungurungum, kusan shekara biyu. Tarin da yake yi da safe ya lafa. Labulen ɗakinmu ya daina wari.

Sai aka ɗora wa kayan haraji. Ran nan ya dawo daga aiki, ya ajiye 'yar kwalbar a gabana ya ce, "Kin ga wannan? Kuɗinta ya ninka. Har ɗan ƙarfen da ake canza mata ya tashi." Ina zaune ina dakan itacen sandal na turare, ko kai ban ɗaga ba. Na ce, "To halas, magana ta ƙare, Allah ne Ya kawo maka hanyar rabuwa da ita. Kai da ka bar taba, ruwan alawa ne zai gagare ka? Kuɗin makarantar 'yarmu Maryam na jiranmu." Ya ce, "Tayyib," wato to, shi ke nan. Ya jefa na'urar a aljihun tebur. Washegari duk wadda ta zo sayen turare sai da na gaya mata mijina ya bar komai, ko shayi mai ƙarfi ba ya so.

Ba a yi wata uku ba na fara ganin sauyi. Yana shigowa sai banɗaki, kafin ma ya gaishe ni. Kullum da kanumfari a bakinsa. Ranar da nake wanki na juye aljihun rigar aikinsa, ɓurɓushin taba ya zubo a tafin hannuna. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na kaɗe hannuna a baho na ci gaba da wanki.

Me ya sa ban yi magana ba? Na sha tambayar kaina. Ni ce na ture shi daga abin da ya riƙe shi, kuma ni ce na cika baki a unguwa. In na ce na gani, sai in ce na yi kuskure, ni kuwa wannan kalmar tana yi mini nauyi. Maimakon haka sai na ƙara yawan turaren da nake yi wa kayansa kowace safiya, don kada wani ya ji abin da na ji.

Daga baya, yana kwance, ya ba ni labarin yadda ya koma. Ya ce lokacin hutu a sito kowa na zaune a inuwar kwantena, sai wani ya miƙo kwalin taba ya ce, "Tafaddal," wato bismilla. Kara ɗaya kyauta ne, ba wanda zai hana ka. Amma babu wanda zai ɗura maka ruwan kwalbarsa. Ita ma tabar akwai haraji a kanta, amma akwai mai arha, kuma kaɗan-kaɗan ake sayenta, ba a jin fitar kuɗin. Ya ce sati biyu ya yi yana cewa a'a, ran na goma sha biyar hannunsa ya miƙa da kansa.

Shekara uku muka yi a haka, yana ɓoyewa, ina yin kamar ban sani ba.

Tarin ya fara ne bayan Babbar Sallah. Satin farko muka ce na'urar sanyaya ɗaki ce. Na dafa masa citta da lemun tsami. Sati na biyu Inna Ladi, ƙanwar mahaifiyarsu, ta aiko da zuma da habbatus sauda, ta ce a haɗa da man zaitun a sha kafin karin kumallo. Wata maƙwabciya ta ce a shafa masa man zafi a ƙirji a rufe da tawul. Duk mun yi. Tarin busasshe ne, ba ya fitar da komai, sai dai ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.

A sati na uku Yaya Bashir ya ji shi a waya yana tari, ya ce gobe zai zo ya kai shi ƙaramin asibitin unguwa. A wurinmu mara lafiya ba ya shiga wurin likita shi kaɗai. Wannan rashin gata ne. Babba ne zai shiga gaba ya yi bayani, mara lafiya ya zauna a duba shi, matarsa ta riƙe takardu. Haka muka taso muka gani, haka muka shiga mu uku.

Likitan saurayi ne, mai fara'a. Ya sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ya koma kujera, ya tambaya da Larabci, "Kana shan taba? Ko ka taɓa sha?"

Kafin Abu Maryam ya buɗe baki, Yaya Bashir ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, likita. Gidanmu ba a shan wannan."

Likita ya dubi mijina. Mijina ya dubi takalminsa, ya gyaɗa kai. Ni kuma na ƙura wa kalandar bango ido kamar yau na fara ganin kalanda. A raina cewa nake, ta yaya zan tona masa asiri a gaban mutumin da ya rene shi? Likita ya rubuta abin da aka gaya masa. Sannan ya tambaya ko akwai hayaƙi ko ƙura a gida. Yaya ya ce, "Matarsa turaren wuta take haɗawa." Likita ya yi murmushi irin na wanda ya gano bakin zare, ya ce, "Hasasiyya." Wato jikinsa ne ba ya son hayaƙin turaren. Ya rubuta abin fesawa a baki da wasu ƙwayoyi, muka fito muna godiya.

Daga ranar laifi ya koma kan kaskona. Inna Ladi ta zo har gida, ta tsaya a ƙofa tana toshe hanci da gyale. "Ke 'yar nan, ai dole. Gida kamar gidan biki kullum? Kina neman kuɗi kina shaƙe mana yaro." Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba, ran nan cewa na yi, "To Inna, za a gyara." Na kwashe kaskona da kwalabena na kai gidan ƙawata, na wanke labule, na goge bango. Gaskiyar magana, ɗaukar wannan laifin ya fi mini sauƙi a kan faɗin wancan.

Sati na huɗu da na biyar ya ɗan ji dama, har muka ce an dace. Sati na shida muryarsa ta dusashe. Na bakwai na lura ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa. Abinci kuwa, in na sa masa shinkafa da kifi, wadda da yake sharewa har ya nemi ƙari, sai ya tsakura ya ture. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, ya ce kujerar motar aiki ce. Sau biyu muka koma asibitin, duk tare da Yaya. Likita ya buɗe takardarsa, ya ga an rubuta ba ya shan taba, ya canza magani, ya tambaye ni ko na daina turaren da gaske. Ba na ganin laifin yaron nan ko kaɗan. Da abin da muka ba shi ya yi aiki.

A sati na goma sha ɗaya, da safe yana shirin fita, ya yi tari a hankici ya yi sauri ya dunƙule. Na ce, "Mu gani." Ya ce ba komai. Na fizge. Jini ne, ba yawa, amma jini. Na ce, "Abu Maryam, na san kana sha. Tun shekara uku na sani." Bai musa ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Na san kin sani. Turaren ya yi yawa a rigata."

Ran nan Yaya ya kai masu gidansa wata tafiya, don haka mu biyu muka tafi babban asibiti. Mun isa da hantsi, aka ba mu lamba, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Likitar mace ce, dattijuwa, maganarta irin ta mutanen Sudan, sai na ji kamar mahaifiyata. Ina shirin zama ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ɗan jira mu a waje." Raina ya ɓaci. Na fita ina ƙunƙuni, ni da mijina a ce in ba da wuri? Minti goma suka yi. Ya fito da takardar hoton ƙirji a hannu, idonsa ya yi ja.

Hoton farko a ranar aka ɗauka. Na biyu, mai shiga cikin na'ura, sai da muka jira kamfanin inshora ya amince, kwana tara ina bugun waya ana ce mini a sake kira gobe. Bayan shi aka ɗebi ɗan nama daga huhun, muka ƙara jiran kwana goma sha biyu. A cikin jiran nan ne na koyi cewa mutum yana iya dafa abinci, ya yi salla, ya amsa gaisuwa, alhali ba ya cikin jikinsa.

Da sakamako ya fito likitar ta kira mu tare. Ta ce ƙari ne a huhun dama, irin mugun, kuma ya riga ya taɓa ƙashi. Sannan ta juyo gare ni. "Kin san shekara nawa yana sha?" Na ce na sani. Ta ce, "To me ya sa takardar da kuka zo da ita ta ce bai taɓa sha ba?" Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ban ce da an faɗa zai warke ba, wannan sanin na Allah ne. Amma da an faɗa, da tun ranar farko an ɗauki hoto." Wannan maganar har gobe tana kunnena.

Na tambaye ta abin da ke cina. Na ce, da na bar shi a kan na lantarkin fa, da ban ce ya ajiye ba? Ta ce shi ma ba iska mai tsabta ba ce, kuma shekarun da ya yi yana shan taba tun da farko sun riga sun yi nasu aikin. Ta ce ba ta da amsar da za ta ba ni ta rantse a kai, kuma kada in ɗora wa kaina abin da ita ma ba ta sani ba. Na gode mata, amma ban sauke ba.

Aka fara ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, wanda suke kira kimawi, duk bayan sati uku. Kwana biyun farko lafiya lau, na uku amai, na huɗu ko warin albasa ba ya so. Kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa kaɗai yake karɓa, cokali biyar, in na yi sa'a bakwai. Gashin gemunsa ya zube a matashi, ya ce ai ya huta da wanzami. Kwanciya ta gagara sai a jingine da matasai uku. Wani magani inshora ya ɗauka, wani ya ce babu shi a tsarinmu, awarwarona biyu suka tafi a nan. Kuɗin tasi kaɗai ya isa ya sa mutum kuka.

Amma ba zan yi butulci ba. Kafilinsa, wato uban gidan da ke riƙe da zamansa a ƙasar, bai sallame shi ba, ya sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, yana kwance, Allah Ya saka masa. Abokan aikinsa, har da masu miƙa masa kwalin nan, sun zo da abin da suka tara a ambulan, suka zauna suna sunkuyar da kai. Na so in zage su, na ga ba su da fuskar zagi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da ta koyi "sannu", kullum sai ta ce masa "sannu Baba" kafin ta soka allura. Matan layinmu kuwa, wata biyu ban ɗora tukunyar rana ba.

A ɗakin jira na ji labarai iri-iri, don in mata suka zauna sai an taɓa. Wata ta ce nata mijin da kayan suka yi tsada tsaki ya yi ya bar duka, har yau bai koma ba. Wata ta ce ɗanta ɗan sakandare tsadar ce ta hana shi farawa, tana ta sa wa masu harajin albarka. Wasu biyu kuma labarinsu irin nawa ne, maza masu shekaru da suka samu abin da ya raba su da taba, da ya yi tsada suka koma gidan jiya. Ni ba malama ba ce, ban san wanne ya fi yawa a gari ba. Na dai fahimci masu harajin yara suke son karewa, kuma ban ga laifin wannan ba. Sai dai akwai irin Abu Maryam, waɗanda abin ya zame musu sandar dogarawa, kuma ba wanda ya tambaye su me za su riƙe in an karɓe ta. Ni ma da nake gado ɗaya da shi ban tambaya ba.

Duk wannan lokacin dangi na nan a kan turare. Yaya Bashir da kansa ya ji sunan ciwon daga bakin likita, amma ba a yi maganar taba a gabansa ba. Inna Ladi ta bi gidajen suna da na biki tana cewa hayaƙin matarsa ne ya ci masa huhu. Wasu masu sayen turarena suka daina aikowa. Wata ma ta ce mini a fuska, "Allah Ya yafe miki, ai ba da gangan kika yi ba."

Bayan zagaye na huɗu likitar ta ce maganin ba ya riƙe ciwon, a koma gida da tukunyar iska da maganin rage zafi. Mun gane abin da take nufi. Ran wata Juma'a ina goge masa jiki ya riƙe hannuna ya ce, "Kira mini Yaya." Na ce ai jiya ya zo. Ya ce, "Ba zan tafi in bar ki da wannan maganar a kanki ba." Na ce ya bari, ni na yafe, su faɗi abin da suke so. Ya ce, "Ummu Maryam, yau ɗaya ki yi shiru ki yi abin da na ce."

Bayan la'asar Yaya Bashir ya zo. Na haɗa shayi, na tsaya a bakin ƙofa da faranti, na kasa shiga na kasa komawa. Abu Maryam ya yi ƙoƙarin saukowa daga gado kamar yadda ya saba, Yaya ya danne kafaɗarsa. Ya cire robar iskar daga hancinsa, yana magana yana hutawa.

"Yaya, ba turarenta ba ne. Taba nake sha. Tun ina saurayi. Na bari, na koma. Ka gaya wa Inna."

Yaya Bashir ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ba.

"Na sani," ya ce. "Tun kana ɗan shekara goma sha tara na sani. Da ka koma ma na sani, ai motata kake shiga."

"To ran nan a asibiti…"

"Matarka na zaune. Na ji ta tana gaya wa mutane ka daina. Na ce ba zan bari a kunyata ƙanena a gaban iyalinsa ba." "Cewa na yi tari ne, sati biyu ya wuce."

Na shigo na ajiye farantin, kofuna suka yi ƙara, sai a lokacin suka san ina wurin. Na ce, "Yaya, ni ma na sani. Saboda kai na yi shiru."

Abu Maryam ya dube ni, ya dubi wansa, sai ya kama dariya, dariyar ta zama tari, muka rufu a kansa mu biyu, ni ina mayar masa da robar, Yaya yana shafa masa baya yana kuka kamar yaro. Da ya samu numfashi ya ce, "Ni kuma ran nan na ga Yaya ya riga ya amsa wa likita."

A ranar Yaya ya wuce gidan Inna Ladi. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsin Talata, Abu Maryam ya cika, kansa a cinyata.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ku kuma da kuke karantawa, in kun raka naku asibiti, ku riƙe masa jaka, ku bi masa layi, amma in an kira sunansa ku tsaya a bakin ƙofa, ko da ku ne kuka haife shi. Mu uku muka shiga ɗakin nan, kowannenmu ya san amsar gaskiya, kowannenmu yana son mutumin nan har ransa, kuma muna zaune muna kallo likita ya rubuta "ba ya sha".